Tankin Shagari Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon yadda ya halatta a yi wa ƙarfe, nake sanar da jama'ar Shagari da Bodinga, da matafiya masu bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, rasuwar babban tankin ruwa na bakin kasuwar Shagari. Ya cika ranar Laraba da hantsi, cikin watan Sha'aban na wannan shekara ta 1954, bayan jinyar da ta kai shekara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai wannan sanarwa shi ne Mijinyawa Bodinga, malamin ruwa na Shagari, wanda ke riƙe da mabuɗin famfunan marigayin shekara goma sha ɗaya. Kafin haka na yi aikin gyaran rubutu a wata jarida a Zariya. A can aka koya mini kada in rubuta abin da ban gani ba sai na faɗi wanda ya gani, kuma kada in yi kuka a kan takarda. Zan bi koyarwar.

An haifi marigayin a wata maƙera a ƙasar Ingila. Ba mu san sunan garin ba, don tsatsa ta cinye rabin rubutun da ke kan murfinsa. Falle-falle ya shigo ƙasar nan, a jirgin ruwa zuwa Ikko, a jirgin ƙasa zuwa Gusau, daga nan raƙuma suka ƙarasa da shi. A Bodinga aka fara haɗa shi, ya shayar da mutanenta shekara goma sha biyu. Da aka kawo musu wanda ya fi shi girma, sai aka kwance shi noti-noti, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Shagari. Mota ɗaya ta kawo mu, shi a baya, ni ma a baya. A shekarar ne matata Zulaihatu ta rasu, ba mu da ɗa. Ni da shi ba wanda ya san kowa a garin. Aka kafa shi a kan ƙafafun ƙarfe kusa da rijiyar kasuwa, ni kuma aka ba ni ɗaki a gindinsa.

Cikinsa na ɗaukar galan dubu huɗu. Lebura biyu ke juya famfon rijiya su cika shi da safe, shi kuma ya raba ta bakin famfo uku har la'asar. Bai taɓa tambayar mai tulu daga ina yake ba. Fulanin Kajiji sun sha a wurinsa ranar kasuwa, masu albasar Horo Birni sun wanke ƙafafunsu, malaman allo sun ɗebi na tawada da na alwala. Ya ji asirin matan gari da yawa a layin famfo, ba a taɓa jin ko ɗaya daga bakinsa ba.

Ba mai yawan magana ba ne, amma yana da murya. In rana ta fara dukansa da safe yakan ce ƙas, ya ɗan jira, ya sake cewa ƙas, kamar dattijo mai miƙa. In ana cika shi yakan ce bul-bul-bul, muryar tana ƙara nauyi har ta nutse. Aikina na farko kowace safiya shi ne in hau tsani in ƙwanƙwasa gefensa da mabuɗi. In ya ce dim, a ƙoshe yake. In ya ce ƙwal, sai in ta da lebura. Akwai ranakun da, ban da gaisuwa, iyakar hirar da na yi ke nan.

Yana kuma da inuwa. Da safe takan faɗi yamma da shi, kuma a cikinta Inna Hajara mai ƙosai ta kafa murhunta tun makon da aka ɗaga shi. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna aure a nesa. Ita ce ta fara yi mini magana a Shagari, kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba. In na sauko daga tsani takan ce:

"Malam na Ruwa, an kwana lahiya? Mi abokinka yac ce yau?"

"Ya ce dim, Inna."

"To, shi ya ƙoshi. Kai ko hwa ƙwal kaka cewa, ina jin ka tun daga nan. Karɓi, kar iska ta kwashe ka ta mai da Zariya, ku je ku yi ta Hausarku ta takarda."

Sai ta miƙo ƙosai a ganye. Haka muka yi kusan kowace safiya, in ka cire watan azumi.

Game da jinyar marigayin, jita-jita ta yi yawa a kasuwa, saboda haka zan faɗe ta dalla-dalla.

Tanki irin wannan ana shafe cikinsa da kwalta mai kauri. Ita ke raba ƙarfe da ruwa, in babu ita tsatsa ta samu abinci. Sau ɗaya a shekara Sodangi, makaniken da ke duba famfunan ƙasar nan a kan kekensa, yakan zo ya zubar da ruwan, ya share laka da tsintsiya mai laushi, ya ɗauraye, ya bar shi ya sha iska, ya rufe. Ban da shi da ni, ba wanda ya taɓa leƙa ciki.

Bara, gab da bazara, Sodangi ya zubar da ruwan ya bar murfin a buɗe, sai aka aiko masa cewa sandar famfon Dandin Mahe ta karye, ya hau keke ya tafi. Ni kuma an kira ni Bodinga in taryi Baturen injiniya, wanda ke zagayen duba tankuna don a san wanda za a gyara da wanda za a sallama. Labarin zuwansa ya riga mu isa Shagari. Wani ɗan garuwa mai suna Lawali ya ga murfi a buɗe, ya hau ya leƙa, ya sauko ya shaida wa layin famfo cewa cikin tanki ya fi gindin tukunyar tuwo baƙi.

Ban kasance a wurin ba. Mutum uku sun ba ni labarin, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Inna Hajara ta sauke kaskonta daga wuta ta miƙe ta ce:

"Baƙo za shi leƙa randarmu shi iske ta haka? Shi koma Sakkwato shi ce mutanen Shagari ƙazamai na, a ɗauke musu tanki? Da raina? Ga Malam na Ruwa ba shi nan, bawan Allah ba shi da kowa garin ga, shi za a aza ma laihi. Ku tashi!"

Suka tashi. Matan unguwa suka kawo toka da soso da tsingaro, aka ɗebo yashi a bakin rafi. 'Yan garuwa suka shiga ciki da igiya, mata na miƙa musu ƙwarya-ƙwarya daga ƙasa suna waƙa. Yadda uwa ta koya wa kowace mace wanke randa, haka suka wanke shi, inda soso ya kasa suka sa tsingaro, inda tsingaro ya kasa suka sa dutse. Ba wanda ya sa su. Masu albasa ma sun bar buhunansu sun kama.

Da muka iso, Baturen ya hau tsani ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ni ma na hau bayansa, na ga fuskata a ƙasan tankin kamar a madubi. Ya sauko ya ce in tambaya wa ya yi wannan aiki. Inna Hajara ta matso cikin zanenta na Salla ta ce, "Mu munka yi, ranka shi daɗe." Ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce daga Ikko zuwa nan bai taɓa ganin tanki mai tsabta kamar wannan ba. Na mayar da maganar Hausa yadda ya faɗe ta, mata suka yi guɗa. Ana cikin haka Sodangi ya iso, ya jingine keke, ya hau ya leƙa. Shi bai iya rage murya ba. Daga saman tsani ya ce:

"Subhanallahi! Wa yat tuɓe mai riga?"

Guɗar ta tsaya.

Baturen ya sa tankin cikin waɗanda za a gyara. Amma kwalta daga Ikko take zuwa, kuma ba a barin gari ba ruwa a bazara, saboda haka aka cika shi tsirara. Kafin tsakiyar damina ruwansa ya koma ja kamar an jiƙa goro, sai an bar shi ya kwanta kafin a sha. Daga nan ya fara yoyo a gefe. Sodangi yakan fere ice ya naɗe shi da tsumma da kitse ya toshe hujin, in ya yi girma ya ɗora faci ya ɗaure da noti. Da kaka kwalta ta iso, ganga biyu. Aka zubar da ruwa, aka kankare tsatsa da burushin waya, aka hura wuta aka narka kwaltar, Sodangi ya ɗaure hanci da ƙyalle ya shiga ya shafe shi sama da ƙasa. 'Yan garuwa suka ɗauki nauyin gari daga rijiya har kwaltar ta bushe. A fallayen sama ta kama. A na ƙasa ta riƙa ɓarewa kamar fatar ƙuna.

Duk tsawon jinyar Inna Hajara ba ta fasa zuwa ba, amma ta daina tambayar abin da abokina ya ce. Takan miƙo ƙosai ba ta dube ni ba. A kasuwa aka laƙaba mata suna, Hajara mai wankin tanki, kuma cikin masu kiranta haka akwai waɗanda na san sun miƙa yashi da hannunsu.

Ranar Larabar da ya cika, lebura sun gama cika shi ke nan na hau na ƙwanƙwasa. Bai ce dim ba, bai ce ƙwal ba. Ya yi wani sauti mai kama da tarin da ya maƙale a ƙirji. Na sauko na kori mutane daga famfo. Sai ya ce ƙiiii, ya ja ta da tsawo, sannan ɓam. Fallen ƙasa na kusurwar gabas ya buɗe. Ruwan ya ratsa kasuwa, ya tafi da albasar mutanen Horo Birni har bakin hanya, ya kashe wutar Inna Hajara. Ba wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ɗis, ɗis, har zuwa azahar. Daga nan bai sake cewa komai ba.

Inna Hajara ta ɗauki kaskonta da ruwa a ciki ta aza a ka ta tafi gida. Tun ranar ba ta fito ba. Maƙwabciyarta Shatu ta shaida mini cewa ba ta cin abincin kirki, kuma duk wanda ya shiga gaishe ta abu ɗaya take faɗi: "Ni nik kashe shi. Na hana gari ruwa ga azumi tahe, na raba bawan Allah da abokinai." Na je ƙofar gidan na yi sallama, aka ce tana kwance. Na koma, aka ce ta tafi Kajiji, alhali ina jin tarinta ta bayan danga. Namiji ba ya wuce zaure, sai na juyo.

Saboda haka nake roƙon mai karatu ya kula da abin da ke biye, don shi ne sanadin mutuwar kamar yadda aka bincika.

Ni da Sodangi da Bawa maƙeri muka sauke fallen da ya fashe, muka kwantar da shi a rana. Fuskarsa ta ciki, wadda aka goge da yashi, ta yi ƙuraje amma da sauran ƙarfinta. Bawa ya sa guduma ya doke ta, ta amsa. Da muka kifa shi sai muka ga inda cutar take. Ta waje ta ci shi, ta ƙarƙashi, daidai inda yake zaune a kan gungumen ƙarfen da ke ɗauke da shi. Nan ruwan sama da kashin tantabaru ke taruwa, rana ba ta kaiwa, ido ba ya kaiwa, balle hannu mai soso. Bawa ya danna babban yatsansa, ya shige kamar a busasshen ganye. Sodangi ya daɗe yana duban wurin, sannan ya ce:

"Wanga ciwo ya girmi wankin Hajara nesa. Tun Bodinga yat taho da shi. Ko ba a taɓa shi ba, bana ko baɗi za shi."

Bawa ya ce, "To kai da kat tsaya bisa tsani kana kururuwa, je ka hwaɗa mata mana."

"Na tahi. An ce tana Kajiji."

Ba zan share abin da ya faru ba. Wankin ya ja ruwan ya yi ja, ya ja mana yoyo da wahalar faci, kuma da an tambaye ni da na hana. Amma ba shi ya kashe shi ba. Tsufa ne da tsatsar ƙarƙashi. Na gani da idona, mutum biyu sun gani tare da ni, fallen kuma yana maƙerar Bawa ga duk mai son dubawa. Ina ƙarawa da cewa a shekara ashirin da uku da marigayin ya yi yana shayar da mutane, sau ɗaya tak gari ya taru ya yi masa hidima don ƙauna, kuma ranar ce.

Ya rasu ya bar mahaifiyarsa, rijiyar kasuwa, wadda ke nan da ranta, jama'a sun koma gare ta da guga. Ya bar famfo uku da ba su da abin faɗi, da tsani, da tantabarun da har yanzu ke sauka da yamma suna neman inda za su tsaya. Ya bar ƙanensa a Bodinga, wanda ya gaje shi a can, da wani ƙarami a Dandin Mahe. Ga masu kula da su, wasiyya biyu ce. Baƙin da ke cikinsu ba dauɗa ba ne, rigarsu ce, tsintsiya mai laushi ta ishe ta. Sannan a riƙa durƙusawa ana duba ƙarƙashinsu, inda suke zaune a kan gungume, a kankare a shafa kwalta kafin damina. Na Bodinga ya fara nuna irin alamar a kusurwa ɗaya, Sodangi ya gani.

Ya kuma bar ni. Ofishin ayyuka ya ce za a kawo sabo in hali ya yi, ba a faɗi lokaci ba, ba a kuma faɗi ko ni zan riƙe shi ba. Mabuɗin na aljihuna. Hanyar rijiya ba ta biyowa ta ƙofar ɗakina, saboda haka yanzu na san, cikin gaisuwar da na amsa shekara goma sha ɗaya, nawa ce tawa nawa ce ta tanki. Ban ga laifin kowa ba, mai tulu ruwa yake bi. Da safe har yanzu nakan farka in jira ƙas.

Na tambayi Malam Na'Allah, mai makarantar allo ta bayan kasuwa, ko ya halatta a yi wa tanki zaman makoki. Ya ajiye alƙalami ya dube ni ya ce:

"Malam Mijinyawa, ƙarhe ba a yi mai salla, ba a yi mai addu'a. Amma gaisuwa ai ta masu rai ta. In gaisuwa kaka so, shimhiɗa tabarma. Wanda yaz zo, ya zo."

A kan wannan fatawa aka tsara jana'iza kamar haka.

Ranar Asabar da safe Sodangi zai kwance marigayin noti-noti, yadda aka kwance shi a Bodinga. Ba za a yi masa wanka ba, ya samu wanda ya ishe shi, kuma da hannun masoya. Fallayen da ke da sauran lafiya za a kai su Bodinga a ajiye wa ƙanensa don ranar faci. Waɗanda suka lalace za su tafi maƙerar Bawa, su dawo fartanya da lauje, su shiga gonakin mutanen da ya shayar. Ƙafafunsa za su tsaya inda suke har a ga abin da Allah zai yi. Zan sa a ɗora zana a kansu, inuwar ba za ta kai tasa ba, amma za ta faɗi a wuri ɗaya.

Falle guda, na saman gefen yamma, wanda shi ke tare wa Inna Hajara rana, an ba da izinin a cire shi daban. Bawa zai ƙera shi kaskon tuya, ya ce zai gama kafin Lahadi. Ba za a aika da shi gidan kowa ba. Zai zauna a ƙarƙashin zanar har mai shi ta zo ta ɗauka. Duwatsun murhunta uku suna inda ta bar su, ban bari an taɓa ba, itacen da ruwa ya jiƙa kuma na shanya shi ya bushe.

Inna Hajara ba ta karatun boko, ba ta na ajami. Ina roƙon duk wanda wannan sanarwa ta shiga hannunsa a unguwarsu ya tsaya a jikin dangar Shatu, inda Inna za ta ji, ya karanta da ƙarfi. In ya zo wurin sanadin mutuwa ya ɗaga murya, ya maimaita.

Za a fara karɓar gaisuwa ranar Lahadi da safe a gindin ƙafafun marigayin, daidai lokacin da aka saba ɗora mai a wuta, har inuwa ta juya. Haka za a ci gaba kowace safiya har a ga watan azumi. Ba a buƙatar a zo da komai. Tabarma biyu za a shimfiɗa. Ɗaya tawa ce.

Mijinyawa Bodinga,
Malamin Ruwa, Shagari.